Faifan DVD na Full House da ake samu a haraj: ya ci kuɗinsa, amma da sharaɗi

Masu tambaya a kan kwalin DVD ɗin shirin barkwancin nan Full House da ke yawo wajen masu kayan gwanjo a haraj, wato kasuwar gwanjo ta Sawarikh nan Jidda, to na saya mun kalla da yara, ga yadda na same shi. Cikakke ne, zango 8, kashi 192, tun daga 1987 da tashar ABC ta Amurka ta fara haska shi har 1995 da aka rufe. Kafin ka biya ka buɗe ka ƙirga faifan ɗaya bayan ɗaya ka ɗaga su a haske, don nawa akwai guda a zango na shida da ya sha ƙarce yana tsayawa a tsakiya, kuma kayan haraj in ka juya baya shi ke nan.

Abu na biyu, faifan Amurka lambar yanki 1 gare su, mu nan Saudiyya yanki na 2 ne, so ba kowace na'ura ce za ta karanta ba, sai wadda aka buɗe. Nawa ba fassarar Larabci a ƙasa, yaranmu da aka haifa a nan kuma Larabci ya fi zama a bakinsu, sai da na riƙa yi musu tafinta. Hoton na tsohuwar talabijin ne, baƙi gefe da gefe, wannan kam ba damuwa.

Labarin dai Danny Tanner ne, ɗan jaridar wasanni a talabijin a San Faransisko, matarsa ta rasu a hatsarin mota wani mashayi ya buge ta, ta bar masa 'yan mata uku, DJ da Stephanie da jaririya Michelle. Sai ƙanin marigayiyar Jesse da Joey aminin Danny suka tattaro kayansu suka tare a gidan, ƙartin maza uku a gida ɗaya, baƙin biyun babu wanda ya iya ko ɗaura wa jariri kunzugu. A kashin farko ma sai ka ga Jesse da Joey sun kai yarinyar kicin suna fama da ita, ni dariya har da hawaye wallahi. Michelle ɗin tagwaye ne ke fitowa a madadinta, Mary-Kate da Ashley Olsen, ana canja su saboda doka ta ƙayyade awannin da ƙaramin yaro zai yi a wajen aiki.

Inda ya fi taɓa ni shi ne da a Kano ko Katsina ne wannan labarin ba zai kai zango ɗaya ba. Ana sadakar bakwai kaka ta ɗauke jaririyar, gwaggo ta ɗauki ta tsakiya, kafin arba'in an fara yi wa gwauron maganar ƙanwar matar ko wata bazawara. Amma mu da ke zaune a nan fa? Mutum matarsa ta rasu ko matsalar iƙama (takardar izinin zama) ta mayar da ita gida, dangi duk suna Najeriya, kawo gwaggo ba ƙaramin aiki ba ne, biza da tikiti da kafili mai tsaya mata. Akwai wani bawan Allah a layinmu direba ne, shi ke taje wa 'yarsa kai da asuba kafin ya fita, abokan ɗakinsa na da su ke ɗauko ta daga madarasa, wata maƙwabciya ke mata kitso ran Juma'a. Shi na fara ba wa aron zango na farko.

Kuma Danny ba ya duka ba ya tsawa, yarinya ta yi laifi zai bi ta ɗaki ya zauna bakin gado su yi magana. Sun cika yin hakan dai, kusan kowane kashi sai an saka wannan kiɗan tausayin an rungumi juna, matsala ta ƙare cikin minti ashirin da 'yan kai, har ya gundure ni. Bob Saget da ya fito a Danny ya rasu a Janairun 2022.

Sharaɗin shi ne rimot ya zauna a hannunka. Akwai kare a cikin falo har kan kujera, akwai Kirsimeti, Jesse da 'yan matansa kafin ya auri Becky, kuma DJ na girma aka shiga zancen saurayi da sumbata. Zango uku na farko sun fi tsafta sun fi dariya, na ƙarshe-ƙarshe sun zama jan labari kawai. Wanda ke son wanda babu wannan tsalle-tsallen ya nemi The Andy Griffith Show na 1960 zuwa 1968, shi ma uba ne da matarsa ta rasu ga ɗa ɗaya, can gwaggo ce ta zo ta riƙe gidan irin namu, sai dai zango biyar na farko baƙi da fari ne kuma yarana ko minti biyar ba su yi ba suka koma waya.