Sai da suka leƙa cikina kahin su yi zancen wuƙa

Yan uwa na Maradi ina yi muku sallama daga Liyon, ƙasar Faransa. Masu ta kirana ban ɗauka ba ku yi haƙuri, kwana biyar na yi a asibiti, hanji ya toshe, har da tiyo cikin hanci, yanzu dai alhamdulillah lahiya ta samu.

Ranar Talata da dare abun ya fara ina wurin aiki, ciki ya murɗa, ya saki, ya sake murɗawa. Na ce ai iska ce. Na koma gida na jiƙa jar kanwa da na zo da ita tun daga Babbar Kasuwa na sha, washegari na ƙara da citta da tafarnuwa, kun san halinmu. Kwana biyu ba bayan gida, ko iska ba ta hita, ciki ya yi tim kamar ganga, sai da na fara amai kore shar sannan abokin ɗakina ɗan Zindar ya ce kai malam wannan ya wuce kanwa, ya kira lamba 15, ta masu agajin gaggawa na asibiti. Su ma fa ba waliyyai ba ne, tambayoyi a waya har na ƙosa, kuma da muka isa irjans, wato sashen gaggawa, awa kusan huɗu na yi kwance bisa gadon turawa a cikin lungu ina kallon rufi, ba mai ce maka sannu, kowa na gudu da takarda a hannu.

Amma ba wanda ya ce in biya ko dala. Kart Vitale, katin asurans ɗin lahiya na gwamnati, kawai suka amsa. Ba ordinas, ba a aiki kowa farmasi ya sayo safar hannu da allura da ledar ƙarin ruwa, ni da na saba sai ka ga ɗan uwa ya hau kabu-kabu da tsakar dare yana neman wadda ke buɗe.

Likitar da ta zo ta ɗaga rigata ta ga tabon nan da ya sauko daga cibiya, ta ce aikin mi aka yi maka? Na ce aikin ciki. Ta ce na mi? Ina takardar aikin? Wallahi gumi ya karyo mini duk da sanyin garin. Mutum da gemu, ban san abun da aka yanka a cikina ba. Nan take na kira Inna a WhatsApp, ƙarfe biyun dare, ta ce yo ɗan nan zazzaɓin nan ne mai huda hanji, shekarar da hatsi ya yi tsada, shekarar 2005 kenan. Na ce Inna karne fa? Ta ce gara ta cinye shi a cikin adaka tun kana lakkwal. Na fassara wa likita, ta rubuta tifoyid ta sa alamar tambaya a gaba, kuma ina ganin alamar nan har yau a takardata.

Ita ta yi mini bayani cewa duk cikin da aka taɓa buɗewa yana iya yin wasu zare-zare a ciki kamar yanar gizo-gizo, su manne hanji da hanji, shekara goma ko ashirin bayan aiki ɗaya daga ciki ya shaƙe ƙaramin hanji, kuma su ne kan gaba wajen toshe shi a ƙasashen nan. Na ce to a yi mini radiyo mana, wanda ake tsayar da kai a jingine da allo. Ta ce wancan yana nuna hanji ya kumbura da ruwa da iska sun yi hawa-hawa, amma ba ya faɗin inda ya toshe, ba ya faɗin dalili, ba ya faɗin ko hanjin ya fara mutuwa. Sikana za a yi, hoton da ke nuna cikin mutum yanka-yanka.

Sai da suka ɗibi jini suka duba ƙoda tukun, don ruwan da ake ɗurawa a jijiya don hoton ya hito da kyau ƙoda ce ke hidda shi. Na'urar kamar ƙaton zobe ce, gado ya shiga da kai ciki, wata murya ta ce riƙe numfashi, ruwan na shiga na ji zahi ya bi ni daga maƙogwaro har ƙasa kamar na saki hitsari, na zabura, yaron da ke wurin ya yi dariya ya ce kowa haka yake ji. Ban hi minti goma a ɗakin ba. Abun da ya tsaya mini a rai shi ne da likitan tiyata ya juyo mini kwamfuta yana murza ɗan linzami, cikina na wucewa yanka-yanka kamar ana yanka albasa, ya bi hanjin da ya kumbura, ya ce wanda ya wuce faɗin santimita uku ya kumbura, ya bi ya bi har wani wuri da ya tsuke tsaf, gaba da nan kuma hanji a lanƙwashe ba komai ciki. Ya sa yatsa ya ce nan ne. A cikin hanji mai tsawon wajen mita shida, ga wurin, ina gani da idona. Ya ce bangon hanjin na shan ruwan allurar da kyau, wato jini na zuwa, don haka ba za mu yanka ka yau ba, za mu ba shi har kwana uku.

Na tuna mutanenmu da ake kawowa daga ƙauye cikin amalanke bayan kwana biyar ana sauyoyi da tofi, a iso hanji ya yi baƙi. Ba laihin likitocinmu nake gani ba, su da ke buɗe ciki da hoton radiyo ɗaya da tahin hannu, jarumai ne. Mu ne dai sai mun ga mutum ya fara salati muke neman mota.

Suka zura tiyon nan ta hanci har tumbi, wanga kam azaba ne, ya zuƙo ruwa ya cika leda. Ba ci ba sha. Daga baya suka ɗura wani ruwa ta tiyon, sunansa Gastrografine, suka ce idan cikin awa 24 radiyo ya nuna ya isa babban hanji to hanya ta fara buɗewa. Ashe radiyon da na raina ma yana da ranarsa.

Sai kuma abun kunya. Kowace sahiya yarinya infirmiya wadda ba ta kai Hadiza ƙanwata ba ta shigo da murmushi ta ce monsiye ka yi tusa? Gaban tsohon da muke ɗaki ɗaya! Ranar farko na yi kamar ban ji faransanci ba. Ta maimaita da ƙarhi, har da nuni. Ranar da ta samu kuwa, da asuba, ni da kaina na danna ƙararrawa na ba da labari, ta ce barabo ta rubuta har da lokaci.

Kwana biyar ɗin nan mutum biyu suka zo dubiya. Da a gida ne da tabarmi sun cika gindin bedi, kwanonin tuwo da hura jere ko da mai ciwon ba ya ci, gwaggo na korar ƙuda. Nan shiru, tsabta ƙal, ruwan miya mara gishiri a kwana na huɗu, ni kuma ba abun da nake mafarki sai kopto da ƙuli.

Sun sallame ni da takarda mai lambar shiga intanet inda hotunan suke, duk likitan da na je wurinsa zai gani. Takardar kuɗɗi sai daga baya ta zo gida, asurans ɗin gwamnati ta ɗauki kashi 80, ta wurin aiki ta cike sauran.

Yaya Babba don Allah gwaiwar Baba da yake ta turawa da hannu yana cewa ta koma, likitan nan ya ce bayan zaren aiki ita ce ke biye wajen shaƙe hanji. A kai shi a duba tun tana komawa, zan aiko da kuɗɗin ƙarshen wata. Kuma duk takardar da aka ba ku a ɗauke ta hoto a turo mini, kar a sa a adakar Inna.