Sadaka da Ragin Haraji a Birtaniya: Wace Hanya Ta Fi?

Idan abin da kake samu a shekara a Ingila ya haura fam 50,270, kana cikin masu biyan harajin kashi 40 cikin ɗari, kuma duk sadakar da ka ba ƙungiyar agaji mai rajista ta hanyar Gift Aid, wato tsarin da ƙungiyar ke karɓo ƙari daga gwamnati a kan sadakarka, akwai kuɗinka a ciki da hukumar haraji ta HMRC za ta maido maka. Likitocinmu da yawa ba sa nema.

Ni dai Gift Aid nake zaɓa, in kuma nemi ragin a takardar Self Assessment, wadda mutum ke cikewa da kansa ya bayyana wa HMRC abin da ya samu a shekara. Ka ba da fam 100, ƙungiyar ta karɓo fam 25 daga gwamnati, ya zama 125. Kai kuma a maido maka kashi 20 na wannan 125 ɗin, wato fam 25. Zakka ma ta shiga, muddin ta hannun ƙungiya mai rajista irin Islamic Relief ta bi. Abin da ya fi burge ni, wanda samunsa ya ɗan wuce fam 100,000, inda ake fara zaftare masa kason da ba a yi wa haraji, sadakar tana iya sauko da samun nasa ƙasa da wannan adadin a lissafin haraji. Wanda ya manta kuma yana da shekara huɗu ya waiwaya ya nema.

Wata hanyar karɓar ragin kuma, kana iya sa HMRC ta gyara maka lambar harajinka, wadda da ita ake lissafa harajin da ake cirewa a albashinka, amma in sadakarka ta ragu ba ka sanar ba, bashi zai biyo ka. A tsarin Payroll Giving kuwa, daga albashi ake cire sadakar kafin haraji. Ba wahala, sai dai ƙungiyar ba ta samun ƙarin nan, kuma sai wurin aikinka yana cikin tsarin.

To, ga inda ake cin mutane. Kuɗin da ka tura wa ɗan'uwa a Kano don gina masallaci lada ne, amma babu ragin haraji a kai, haka ma tarin da ake yi a WhatsApp zuwa asusun mutum ɗaya. Duk wanda ya ce maka akwai, nemi lambar rajistarsa ka duba a shafin Charity Commission, hukumar da ke yi wa ƙungiyoyin agaji rajista. Akwai kuma kamfanonin da ke cewa za su karɓo maka kuɗin ragin daga HMRC. Wani abokina kusan rabi suka yanke masa a kan aikin da kyauta ne. Saƙon waya mai cewa ka latsa ka sa lambar asusunka don a biya ka, na 'yan damfara ne. Goge shi, ka shiga shafin gwamnati na gov.uk da kanka, rasitanka na hannu.