Gwiwar ƙarfe ba ta zaman tahiya

Assalamu alaikum Yaya. Ina gajiya, ya iyali, ya jikin Inna? A gaishe mini da mutanen Tawa baki ɗaya.

Na saurari saƙon da ka bar mini a WhatsApp, cewa tun da Inna ta gan ni a bidiyo ina tafiya ba sanda, kun fara shawarar sayar da garkar albasa a kai ta Tunis a sa mata gwiwa irin tawa. Kafin ka kira dillali, bari in faɗa maka abin da bidiyo bai nuna ba.

Shi aikin kansa bai kai awa biyu ba. Guringuntsin gwiwata ya cinye, ƙashi na gugar ƙashi, sai likita ya yanke bakin ƙasusuwan, ya lulluɓe su da ƙarfe, ya sa roba mai tauri a tsakani. Washegari suka tashe ni tsaye, ina ta salati, a kwana na huɗu ina gida. Radiyo (wato hoton ƙashi), ƙarfen, aikin, duk inshorar lafiya ta nan Faransa ta ɗauka, tun da ana yankar mini kuɗinta a albashi kowane wata. Abin da aka rubuta mini shi ne kuɗin kwana, wajen Yuro 20 a rana, kamar jaka 13 ke nan a kuɗinmu.

Wahalar tana bayan sallama. Kullum da safe wata infirmiya, wato ma'aikaciyar jinya, tana hawowa bene ta yi mini allura a fatar ciki don kada jini ya daskare a jijiya, ta duba ɗinki, ta latsa sharaɓata ta tambaya ko da ciwo. Sau uku a mako kuma ina wurin kine, masu motsa gaɓɓai. Yaya, na ɗauki siminti a Abijan, na kwana a hamada a hanyar Libiya, ban taɓa hawaye a gaban mace ba sai a hannun matar nan. Za ta kwantar da ni, ta kama diddige ta tura shi wajen cinya har in ga taurari, sannan ta ɗora wani ma'auni irin na ƴan makaranta ta karanta digirin lanƙwashewar gwiwar: 70, bayan mako biyu 90. Ta ce in aka bar gwiwa ta sandare a watannin farko, to da wuya ta sake lanƙwashewa. Bayan wata shida na tsaya a 115.

Wannan 115 ɗin shi ne maganar. Ya isa hawan bene, ya isa zama a kujera da tuƙa mota, domin ga mutanen nan rayuwar duk a kan kujera take, har bayan gidansu kujera ne. Amma wanda zai zauna a kan dugadugansa yana buƙatar wajen 150. Ni yanzu a kujera nake salla, a gefen sahu tare da tsofaffi. Malam ya ce ya halatta, na kuma sani, amma goshina yana kewar ƙasa. To ka tuna Inna: tsuguno a masai, zama a tabarma, murhu a ƙasa. Wa ya faɗa mata duk wannan zai canza?

Ba kushe abin nake ba. Ciwon da ke hana ni barci shekara biyar ya tafi, kamar an cire ƙaya. Likitana ya ce wani babban bincike da aka buga a Ingila a 2019 ya nuna gwiwa 82 cikin 100 suna nan da aikinsu bayan shekara 25, na kwankwaso kuwa 58. Amma bai ɓoye mini ba cewa kusan mutum ɗaya cikin biyar yana ci gaba da jin wani ciwo a gwiwar, kuma ɗaya ko biyu cikin ɗari ƙwayar cuta tana kama ƙarfen. In ta kama, magani na baki ba ya wadatarwa, sau da yawa sai an sake buɗewa. Wanda ya yi aiki a Tunis ya dawo Tawa, ranar da gwiwa ta kumbura ta yi zafi, wa zai nufa? Yamai ma fiye da kilomita 500 ce.

Akwai wani ɗan Dogon Dutsi a unguwarmu da ya faɗo daga gini idon sawunsa ya ragargaje. Shi ba a canza masa gaɓa ba, ɗaure ta aka yi da kusoshi har ƙasusuwan suka haɗe suka zama ɗaya. Likita ya ce sai ya bar sigari tukuna, don taba na hana ƙashi kamawa. Wata uku ya yi kafin ya taka da ƙarfi. Yau ya koma aiki, ba ciwo, sai ɗan ɗingishi a gangare da takalmi mai lanƙwasasshen tafi. Ga idon sawun lebura wannan dabara ce mai kyau, ba abin da zai goge. A gwiwa kam sai in komai ya ƙi, don ƙafa miƙewa take kamar taɓarya, ko kabu-kabu ba ta hawuwa da daɗi.

Shawarata, a fara kai Inna Yamai ta ga likitan ƙashi, a babban asibitin nan da ƴan Sin suka gina aka buɗe a 2016 ko a asibitin ƙasa. A yi mata radiyo tana tsaye, ba a kwance ba, don a ga yadda gaɓar ta matse. Ka ɗauki hotonsa a jikin taga ka turo mini. Ka tambaye su wa zai riƙa motsa mata ƙafar bayan aiki, a ina, nawa ne kowane zuwa. Kafin nan ka sa kafinta ya yi mata kujerar masai mai hannuwa, kuɗin yana zuwa ƙarshen wata. Garkar kuma a bar ta har mu yi magana ranar Juma'a.

Ƙanenka, daga Marsey.