Kambas ɗin gudu na gwanjo mai fallen kabon: abin da na gani a wata bakwai

Ranar da na shigo da takalmin nan gida, uwargida ta karɓa ta jujjuya shi, ta danna ƙasansa da babban yatsa, yatsan ya lume. Ta dube ni ta ce, "Baban Hafsa, wanga takalmi na ko katihwa?" Da ta ji naira dubu 38 na biya, kuma ma gwanjo ne, sai ta ajiye shi a hankali kamar ƙwai, ta koma madafa. Ba ta sake cewa uffan ba sai bayan sallar isha.

Ni dai ba ɗan wasa ba ne. Ma'aikaci ne, na haura arba'in, a Mabera nake zaune a Sakkwato. Likita ne ya tsorata ni da maganar hawan jini shekara uku da suka wuce, na fara sassarfa bayan asuba a wajen filin wasa na Giginya, daga nan abin ya zame mini jaraba. Shekara biyu na yi da wani kambas mai shafaffen ƙasa irin na 'yan makaranta. Da na ƙudura niyyar zuwa gudun famfalaki na Legas, wanda ake yi tun 2016, galibi a watan Fabrairu, sai na ce kilomita 42 da mita 195 ba wasan yara ba ne, bari in nemi abin da manya ke sawa.

Ga wanda bai san irin takalmin ba, ƙasansa soso ne mai kauri, marar nauyi, mai tsalle kamar ƙwallo, a tsakiyar soson kuma an shimfiɗa wani siririn falle na kabon mai tauri, an ɗan lanƙwasa shi ta gaba. Kana taka ƙasa soson ya matse, ya dawo maka da ƙarfin, fallen kuma ya hana yatsu lanƙwashewa, sai ka ji ana tunkuɗa ka gaba. Kamfanin Nike ne ya fara yayata irinsa a 2017, har da lambar kashi 4 cikin ɗari a jikin sunan takalmin, wato ƙarfin da aka auna yana rage wa mai gudu kashewa. Da irinsa Eliud Kipchoge na Kenya ya yi gudun famfalaki cikin awa 1 da minti 59 da daƙiƙa 40 a birnin Biyana a watan Oktoban 2019, ko da yake ba a lissafa wannan a matsayin tarihin gasa ba saboda yadda aka tsara gudun. Surutu ya yi yawa, har a farkon 2020 hukumar wasannin guje-guje ta duniya ta kafa doka: kaurin ƙasan takalmin gasar titi kada ya wuce milimita 40, fallen kuma kada ya wuce ɗaya. Yau kusan kowane babban kamfani yana da nasa.

Nawa ba zan kama sunan kamfaninsa ba. Ba a shagonsu na saya ba, kuma Allah kaɗai ya san yawon da ya sha a ƙafar wani Bature kafin a ɗaure shi a dila a kawo mana. Ba adalci ba ne in ɗora musu abin da ya same ni.

A wurin wani mai gwanjo na tsince shi, ranar da ya fasa sabuwar dila. Shi kansa bai san abin da yake riƙe da shi ba, yana ta tallata mini wani baƙin takalmin ƙwallon kwando wai ya fi ƙarko. Na ɗauki wannan na gwada lanƙwasa shi da hannu biyu, ya ƙi, nan na san akwai fallen a ciki. Kuskurena shi ne na bari murna ta nuna a fuskata. "Yallaɓai, ai wanga sabo na, ko sau ɗaya ba a taka shi ba," in ji shi, alhali ga ƙananan tamoji a gefen soson wajen dunduniya, irin na fatar tsoho. Daga baya na gane tamojin nan su ne shekarun takalmin. Saman na iya zama fes, ƙasan ya riga ya gaji. In za ka saya, ajiye shi a kan tebur ka dube shi ta baya. In ya karkata gefe ɗaya, mayar masa da kayansa. Sannan ka sayi wanda ya ɗara ƙafarka, har babban yatsan hannu ya samu wurin kwanciya a gaban yatsun ƙafa. Ni daidai cif na saya, zan zo kan abin da hakan ya jawo mini.

Fitar farko sai da na yi dariya ni kaɗai a titi. Ƙarshen damina ne, gari bai gama wayewa ba, na hau kwalta sai na ji kamar an rage mini buhu guda a jiki. Kilomita 10 da na saba yi cikin minti 58 na gama shi a 55 da 'yan daƙiƙu, ban kuma ji na takura ba. Ban ce duka aikin takalmi ba ne, akwai ɗokin sabon abu, wanda kowa ya san yana ƙara wa mutum ƙafa. Amma na maimaita sau da yawa a hanya ɗaya, wayata tana aunawa, kullum ana samun ragin daƙiƙa 10 zuwa 15 a kowace kilomita. A kan lafiyayyar kwalta, miƙaƙƙiya, takalmin nan bai yi ƙarya ba.

Matsalar ita ce mu nan ba kullum kwalta ke samuwa ba. Ko ta samu, ba taka ba ce kai kaɗai. Kana cikin gudu tirela za ta taso, ko ɗan kabu-kabu ya yanko ta hannun da ba nasa ba yana danna maka oda, dole ka sauka gefe. Gefen kuma rairayi ne da tsakuwa da ɓaraguzan kwalta. Takalmi mai tsawo, mai laushi, mai siririyar dunduniya, in ya hau irin wannan wuri sai ya riƙa rawa kamar kana tafiya a kan katifar da uwargida ta faɗa. Wata asubar Lahadi a hanyar jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, na kauce wa wata mota mai ɗauke da albasa, ƙafar dama ta sauka rabi a kwalta rabi a ƙasa, idon sawu ya juya. Na zauna a bakin hanya ina riƙe da ƙafa, wani dattijo a kan jaki ya tsaya ya ce, "Sannu ɗana. Wa ya biyo ka?" Na ce babu kowa, Baba, motsa jiki nake. Ya daɗe yana kallona, ya ce Allah ya sawwaƙe, ya kaɗa jakinsa. Targaɗen nan ya cinye mini mako biyu cur daga cikin shirin, a daidai lokacin da ya kamata in fara dogayen gudu.

Sai ƙaya. Wanda ya ƙera takalmin nan bai taɓa jin sunan tsidau ba. Don a rage nauyi, ba a rufe ƙasan duka da roba ba, akwai wuraren da soso ne tsirara, tsidau kuwa yana shiga ya zauna daram. Duk dawowa sai na zauna a dakali da allura ina tsintar su ɗaya bayan ɗaya, kowanne ya bar rami. Saman kuma raga ce shara-shara, ƙarangiya na maƙale mata, ƙurar hunturu na shiga kai tsaye. In na cire safa, yatsuna ja wur. Da faso ya fara tsaga mini dunduniya a watan Disamba, man kaɗe ne ya cece ni, ina shafawa da dare in sa safa in kwanta. Amma fa a ba shi haƙƙinsa: ragar nan ta sa ƙafa ba ta dahuwa, kuma duk wanda ya san zafin garin nan daga Maris zuwa Mayu, lokacin da ma'auni ke haura 40 ba tare da neman izinin kowa ba, ya san wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Wani abin da ba wanda ya gaya mini: ba ya son tafiyar hawainiya. Yawancin atisayen gudun famfalaki a hankali ake yinsa, gudun da za ka iya hira a cikinsa, shi kuwa sai ya yi ta ingiza ka. Na biye masa, na wayi gari ina sauri a ranakun da ya kamata in huta, sha-raɓa da agara suka fara ƙorafi. Sai da na koma wa tsohon kambas ɗina kwana uku a mako kafin suka lafa. Ga kuma ɗawainiya: daga masallaci nake wucewa gudu, launinsa kuwa ruwan lemo ne mai ihu, ba na iya barinsa a bakin ƙofa hankalina ya kwanta. A leda nake ƙunshe shi in ajiye a gabana, har liman ya taɓa tambaya ko tsire na kawo wa jama'a.

Wajen wata na huɗu robar gaban ta fara ɗagowa. Laifina ne, na bar shi a but ɗin mota wuni guda a rana, gam ya saki. Na kai wa wani tsohon baduku da ke gyara mini takalma tun ina saurayi. Ka san garinmu garin fata ne, kuma shi ba ya yarda da gam, komai ɗinki. Kafin in buɗe baki ya caka basilla, ta shiga soson kamar tuwo, ta je ta ci karo. Ya sake dannawa, ta ƙi. Ya cire tabarau ya ce, "Alhaji, mi anka sa ciki, ƙarhe?" Na yi masa bayanin fallen da abin da yake yi, na roƙe shi ya bar ɗinkin ya sa gam kawai. Ya sa, yana gunaguni, ya ce shi a ganinsa wanda ke da gudu a ƙafarsa yake da shi. Ban yi musu ba, don Abebe Bikila na Habasha da ƙafa ba takalmi ya ci gudun famfalaki na Olamfik a birnin Rum a 1960. Na ba shi labarin, ya ji daɗi har ya rage mini naira 200. Gam ɗin ya riƙe. Ramin basillar yana nan har yau.

Legas ce ta nuna mini iyakarsa. Na yi wautar shiga mota saura kwana biyu, wuni da kwana ƙafa a rataye, na sauka ƙafafuna sun yi suntum. Da sassafe aka tashi daga babban filin wasa na Surulere. Mu da muka yi atisaye cikin sanyin hunturu da busasshiyar iska, inda gumi ke bushewa kafin ka ji shi, sai ga mu cikin iska mai nauyi kamar tururin tukunya. Tun kafin mu hau Gadar Third Mainland, mai tsawon kusan kilomita 12, rigata ta jiƙe sharkaf. A kan gadar nan takalmin ya biya kuɗinsa. Kwalta ce shimfiɗaɗɗiya, ba tirela, ba tsidau, na yi ta wuce mutanen da suka fi ni ƙuruciya da kyan kaya. Har kilomita 27 ina jin kaina wani abu.

Daga 30 labari ya sauya. Masu gudu na cewa a nan ake cin karo da bango, lokacin da sukarin da jiki ya tara a tsoka ya ƙare, kuma wallahi bangon gaske ne. Dabinon da na ƙunso a aljihu ya taimaka, amma ƙafa ta daina ɗaguwa, na koma sauka da dunduniya, takalmin da ke tunkuɗa ni gaba ya koma yana kaɗa ni gefe da gefe. Da na koma tafiya, abin ya fi muni, don ba a yi shi domin tafiya ba. Yatsuna kuma da suka kumbura suna ta dukan gabansa, kowane taku kamar ana buga mini guduma a farce. Na isa Eko Atlantic a awa 4 da minti 52. 'Yan Kenya da Habasha, da 'yan Filatonmu da ba a raba su da sahun gaba a cikin 'yan gida, tuni sun yi wanka sun karya. Da na cire safa, ga bororo biyu, ga farcen babban yatsa ya yi baƙi. Bayan wata guda ya fita.

Abu ɗaya ya ba ni mamaki, shi ne ma dalilin da ya sa ban yi nadamar kuɗina ba. A da, in na yi kilomita 25 da tsohon kambas, sai in kwana huɗu ban iya zaman tahiya daidai ba, sauka daga matakala kuwa da baya-baya. Wannan karon, bayan kilomita 42, rana ta uku na yi zaman tahiyata daram ba tare da miƙe ƙafa ba. Soson nan, duk da gajiyarsa, ya shanye duka mai yawa da cinya da gwiwa za su sha.

Wanda ya fara sassarfa jiya, ko mai gudu a lungunan unguwa da hanyoyin gona, kada ya kashe kuɗinsa a nan. Ya nemi kambas mai faɗin ƙasa da roba har dunduniya, irin wanda masu sana'ar ke cewa yana kai kilomita 500 zuwa 800, ragowar kuɗin ya sayi safa mai kyau da fiya wata. Wanda ya riga ya daɗe yana gudu kuma yana da gasa a gabansa, in ya samu mai sauran rai a gwanjo, ya saya, ya ƙara rabin lamba, ya gwada shi sau uku ko huɗu a kwalta, sannan ya ɓoye shi sai ranar. Ni da na mai da shi na kullum, wayata ta nuna kilomita 430 na yi da shi, kuma tsallen ya mutu tun wajen 350. Yanzu in na danna ƙasan, yatsa na lumewa amma ba ya dawowa da sauri.

Yana nan ƙarƙashin gado cikin ledarsa. Ƙanin uwargida ya zo ya gani, ya ce in ba shi ya riƙa zuwa ɗaurin aure da shi, na ce sai na yi shawara. Mai gwanjon kuma na bar masa saƙo in ya fasa dila ya ga mai ƙin lanƙwasuwa, lamba 44, ya ajiye mini. Ya ce to, amma yanzu ya san kuɗinsa.