Alfa Sentauri ko Akurus: wanne za a fara nema daga Yamai?

Masu sabon madubin hangen taurari sun yawaita tambayar wanne za su fara dubawa cikin waɗannan taurarin biyu na kudancin sama, waɗanda kowannensu tagwaye ne. A ido kowanne tauraro ɗaya ne, sai a madubi yake rabuwa biyu.

Daga Yamai duka biyun ƙasa-ƙasa suke: Alfa Sentauri ba ya wuce digiri 16 sama da doron ƙasa, Akurus kuwa 13. Ƙura da zafin da ke tashi daga rufin kwano su ke sa haske rawa har tagwayen su haɗe, shi ya sa a fita bayan gari, a fuskanci kudu. A tsakiyar Mayu Akurus na kai ƙololuwa wajen ƙarfe 10 na dare, Alfa Sentauri bayan awa biyu.

Wajen rabuwa Alfa Sentauri ya fi sauƙi. Tagwayensa na zagaye juna cikin shekara kusan 80, kuma a shekarun nan tazararsu ta ninka ta Akurus, mai sakan 4 na kusurwa (sakan ɗaya kashi ɗaya ne cikin 3,600 na digiri). Madubi mai faɗin milimita 70 da ƙarin girma sau 80 ya isa. Akurus na buƙatar sau 100 da iska mai kwanciya, amma launinsa fari mai shuɗi abin kallo ne, ga tauraro na uku a gefe da madubin hangen nesa mai ido biyu ke nunawa.

Mai koyo ya fara da Alfa Sentauri. Mai madubin ido biyu kaɗai, ko mai haƙurin jiran dare maras ƙura, Akurus ya dace da shi.