Galaxy S10 ko iPhone XR: wacce za ka ɗauka a hannu na biyu?

In ka zaga wajen masu salula a Damagaram, za ka tarar da waɗannan biyun cikin tsofaffin wayoyin da aka yi wa kwaskwarima. XR ta fito a 2018, S10 a 2019, duka fuskarsu inci 6.1. Ni dai S10 zan ce ka ɗauka.

A nan kusan kowa layi biyu yake riƙewa, Airtel da Moov ko Zamani, saboda wanda ya kama a cikin gari ba lalle ya kama a hanyar Tanut ko Magarya ba. S10 mai lamba SM-G973F/DS tana cin layi biyu, sai dai ramin na biyu zaɓi ne: ko layi, ko katin memori. Ma'ajiyarta giga 128 ce a ƙalla, RAM giga 8, kamara uku a baya, ga ramin abin saurare. Bakin cajinta USB-C ne, in wutar NIGELEC ta ɗauke ka je wajen mai caji ba za ka rasa igiya ba. Aibinta biyu: ta tsaya a Android 12, kuma gilashinta mai lanƙwasa ne, in ya fashe sauya shi na iya cin kuɗin da ya kusa na wayar. Ka saya mata riga tun ranar.

XR kuwa kamara ɗaya, ba memori, ba ramin abin saurare, layi na biyu eSIM ne, wato layin da ba shi da kati, sai in ƴar China ce ko Hong Kong. Wanda yake son tambarin tuffa, ga shi nan.

Amma kafin zancen wacce ta fi, a yi zancen ha'inci, don nan kuɗi ke salwanta. Danna *#06#, ka gwada lambar IMEI, wato lambar shaidar wayar, da ta cikin saiti. S10 mai layi biyu lamba biyu za ta nuna. Wadda lambar samfurinta ta ƙare da U, wato SM-G973U, ƴar Amurka ce, layi ɗaya take ci, wata ma a kulle take ga kamfanin can. Sa naka layin, ka kira, ka buɗe intanet a gaban mai kaya.

A S10, danna *#0*# don gwada fuska, ka buɗe ja, kore, shuɗi ɗaya bayan ɗaya. In ka ga inuwar madannai ko tambarin WhatsApp ta zauna a jiki, fuskar ta ƙone, ba ta da magani. In baƙi ya fito toka-toka, an cire fuskar asali ta AMOLED an sa mai araha, kuma da wuya zanen yatsa ya yi aiki, tunda na'urarsa ƙarƙashin gilashin take. Yi rajistar yatsanka nan take.

Duba bayanta daga gefe. In marfin ya ɗago, batir ya kumbura, ko an buɗe an liƙe da gam. Zafin watan Afirilu da Mayu, mai haura digiri 40, ba ya raga wa irin wannan batir. Wayar da aka taɓa buɗewa kuma ka manta da batun ba ta shan ruwa.

Ga mai nacin XR: kada lafiyar batir 100% ta ruɗe ka, ana iya gyara lambar da na'ura. Ƙasa da 80% kuma sauyi ne ke jiranka. In True Tone, mai daidaita launin fuska, ya ɓace daga saiti, an sauya fuska. In Face ID, mai buɗe waya da fuskarka, ya mutu, a rage kuɗi sosai ko ka bar ta.

Na ƙarshe ya fi duka: a goge wayar gaba ɗaya a gabanka, a tada ta. In ta nemi iCloud ko asusun Google na wani, kada jika ɗaya ta fita daga aljihunka, ko da an ce wani yaro a Kano zai buɗe. Ka karɓi takardar ciniki mai lambar IMEI, ku kuma yi yarjejeniyar kwanakin gwaji a gaban shaida.