Ƙari a cikin zuciya: yadda ake gano shi a nan Faransa

'Yan'uwa na Garwa da Marwa, abin da ya fi tsaya mini a rai a asibitocin Faransa shi ne yadda suke bin sawun shanyewar ɓarin jiki. Mace 'yar shekara 40 ta faɗi, ba hawan jini, ba ciwon suga, sai a ɗora mata na'urar ekografi, mai ɗaukar hoton zuciya da sauti, a ƙirji. Cikin minti 20 zuwa 30 likita ya ga ɗakunan zuciya huɗu. Wani lokaci sai ga ƙari mai laushi da ake kira mikzoma yana lilo, galibi a ɗakin sama na hagu, maƙale da bangon tsakiya. Ɓarɓashinsa ne ke ɓallewa ya toshe jijiyar ƙwaƙwalwa. Yakan kuma tare ƙofar jini, mutum ya riƙa haki ko suma, har a ɗauka lalacewar bawul ce, wato ita ƙofar jinin, irin wadda ta yi yawa a gida.

Idan hoton bai fito ba, sai a zura na'urar ta hanyar abinci, don a bayan wannan ɗakin take bi. Awa 6 ba ci ba sha, a fesa maganin kashe zafi a maƙogwaro.

Sai IRM, hoton cikin jiki da ake ɗauka da maganaɗisu, mai raba gardama. Gudan jini da ƙari sukan yi kama, kuma maganinsu ya sha bamban. Ana duba ƙoda, a yi allurar gadoliniyam, wani ruwa mai fito da hoto: ƙari na shan ruwan ya yi haske, gudan jini ya tsaya baƙi. Kusan awa guda a kwance, ana riƙe numfashi na daƙiƙa 10 zuwa 15. Wanda ya motsa ya ɓata hoton. Mai ƙarfe ko batirin zuciya a jiki ya faɗa tun farko.

Su ma asibitocin Faransa da nasu matsalolin. In ba gaggawa ba, jiran ranar IRM na cin makonni, kuma tsoho zai zo shi kaɗai, ba mai riƙe masa ko gorar ruwa. Nan nake tuna barandar asibitin gida cike da dangi da kwanuka.

Amma ekografi muna da ita a manyan garuruwanmu. Mu ne muke cewa shanyewar ɓarin jiki shafar iska ce, a kwashe wata uku ana hayaƙi da shafe-shafe, kuma tsofaffin takardun hoto a bar su yara su yaga. Alhali mikzoma ba ciwon daji ba ce: a cire ta da tiyata, yawanci ba ta dawowa, kuma cibiyar zuciya ta Shisong, a arewa maso yammacin Kamaru, ta fara tiyatar zuciya tun 2009.